Gishiri Ya Fita, Ruwa Ya Bi

Karatu: Ibraniyawa 12:1-2

A arewacin Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, a yankunan Ahnet da Mouydir, ana samun katantanwar halittun teku da suka zama dutse, tun zamanin da ruwa ya rufe wannan hamada. Danginsu mai suna notilus yana raye har yau a tekun Fasifik.

Katantanwar notilus ɗaki-ɗaki ce, wajen ɗakuna 30 in ya girma. Shi yana zaune a ɗakin bakin ƙofa. Duk sabon ɗakin da ya rufe a bayansa cike yake da ruwa, kuma in ruwan ya zauna, nauyi zai ja shi ƙasa.

To, yaya yake yi? Ba ya kwarfar ruwan. Akwai wata siririyar igiyar tsoka da ta fito daga jikinsa ta ratsa dukan ɗakunan. Ita ce take tsame ƙwayoyin gishiri daga cikin ruwan kaɗan-kaɗan, tana kai su cikin jini. Ruwa kuwa bin gishiri yake yi, kamar yadda kake gani in an barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir. Da gishirin ya fita sai ruwan ya bi shi, iska ta maye gurbinsa, notilus ya yi sauƙi cikin teku. Masana biyu, Denton da Gilpin-Brown, sun bayyana wannan a 1966. Aikin yakan ɗauki makonni.

Karatunmu na yau yana kiranmu mu ajiye duk abin da ke nauyaya mana. Wataƙila ka daɗe kana fama da baƙin ciki ko rashin barci, kana roƙon Allah ya ɗauke. Amma mene ne yake riƙe da nauyin? Gabar da kake yi da ɗan'uwanka ce? Bashin da ka ƙi biya? Zunubin da ka ɓoye? Muddin yana ciki, nauyin ba zai tafi ba. Ka furta shi, ka tuba, ka je ka shirya da mutumin.

Kada ka karai in sauƙi bai zo yau ba. Igiyar tana aiki ne domin tana manne da jiki mai rai. Kai ma ka manne wa Yesu cikin addu'a da karatun Maganarsa, Ruhu Mai Tsarki zai kammala aikin.

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini abin da ke riƙe da nauyin zuciyata, ka ba ni ƙarfin rabuwa da shi. Cikin sunan Yesu, Amin.