Ƙarfin Aro

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman Kura da Bunkure da Kadawa ba su san zaman rani ba. A yanke shinkafa, a shuka alkama, a kwashe tumatir. Aikin kuwa mai cin jiki ne, don haka waɗansu 'yan ƙwadago sukan sha tabar wiwi, wai don su daina jin gajiya. In ka yi musu magana sai su ce, "Ga wane can, shekararsa ashirin yana sha, bai haukace ba."

To, mai karatu, tambayarmu ita ce: in cuta ba ta kama kowa ba, ya halatta mutum ya kai kansa bakinta?

Gaskiya ne ba kowane mashayi yakan zautu ba. Amma binciken da likitoci suka buga a 2019, wanda aka yi a ƙasashen Turai da Brazil, ya nuna mai sha kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓuwar hankali kamar sau 3. Akwai kuma 'yan kaɗan da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsu sukan tsuke, har ɓarin jiki ya shanye. A Nijeriya, ƙidayar 2018 ta sami masu sha wajen miliyan 10.6. Kaɗan daga cikin wannan taro ai jama'a ce mai yawa.

Manomin da ya ga tsaga a jikin hanyar ruwa ba ya cewa ta maƙwabcinsa ta daɗe ba ta ɓalle ba. Yakan ɗebo laka ya toshe, domin ranar da ta ɓalle ba gonarsa kaɗai ruwa zai ci ba. Haka hankali yake. Amana ce, matarka da 'ya'yanka da tsofaffinka duk suna da rabo a ciki. Ranar da aka kai mutum asibitin Dawanau, su ne za su sayar da buhun shinkafa su biya magani.

Mai gona kuma da ya ga yaro yana sha, ya kau da kai don aiki na sauri, shi ma yana da nasa alhaki. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, huta ka ci abinci." Gajiya barci ke maganinta. Ƙarfin wiwi aro ne, kuma da hankali ake biya.