RIJIYA TA BA DA RUWA, KADA GUGA YA HANA



Kowace shekara, in kaka ta wuce, samarin Adar sukan tafi cin rani. Waɗansu Kano, waɗansu Legas, da yawa kuwa Abijan. Sukan komo da tufafi da ƴan kuɗi, wani lokaci har da sabuwar magana. Bana ɗan ƙanena ya komo Takanamat. Ran nan da dare muna zaune ƙofar gida, sai ya ce, "Baba, kakanku ya mutu cikin al'adar Azna, bai taɓa jin bishara ba. Ina yake yanzu? A Abijan na gamu da samari biyu masu fararen riguna. Sun ce in na shiga ikkilisiyarsu, za a iya yi mini baftisma a madadinsa."

Ban tsauta masa ba. Ni ma tambayar nan ta sha hana ni barci. Asibitin mishan na Galmi sai a 1950 aka buɗe shi, Galmi kuwa da nisa daga nan. Kakanninmu nawa aka binne kafin wani ya ambaci sunan Yesu a garinsu?

Samarin nan su ne ake kira Mormon, ko da yake su sun fi so a ce da su Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Wani mutum, Joseph Smith, ya kafa ta a Amurka a 1830, ya kawo littafi kuma ban da Littafi Mai Tsarki. Sai mu faɗi gaskiya a kansu. Ba su shan giya, ba su shan taba, ko shayi ba su sha, suna kuma kula da iyali.

Ga abin da suke koyarwa game da ceto. Sun ce kusan dukan mutane za su sami wuri cikin ɗaya daga mulkoki uku na ɗaukaka. Amma mulki na bisa duka, inda Uba yake, sai wanda aka yi wa baftisma ta hannun firistocinsu. Baftismar sauran ikkilisiyoyi ba ta isa ba a wurinsu. Matsayi mafi girma kuwa yana bukatar ka'idodin haikalinsu, har da ɗaurin aure a ciki. Domin haka tun 1840 suka soma koyar da baftisma saboda matattu: mai rai ya shiga ruwa a madadin mamaci, mamacin kuma ya karɓa ko ya ƙi.

Na ce wa yaron, "Ɗana, duba da kyau. Zauren gidan nan yana da faɗi, amma ɗakin maigida a kulle yake, mabuɗi kuwa a aljihun mutum." Har 1978 ba su yarda baƙin mutum ya zama firist ko ya karɓi ka'idodin haikali ba. A shekaran nan suka janye hanin, a 2013 kuma suka ƙi dalilan da aka riƙa bayarwa a dā. Mun yi murna da wannan. Amma ya nuna mana abin da yakan faru in mabuɗi yana hannun ɗan adam. An keɓe haikalinsu na Akra a 2004, na Aba a Nijeriya a 2005. Ashe tsohuwa mai daka a Adar, wadda ko Tawa ba ta taɓa zuwa ba, sai an kai sunanta can kafin ta ga fuskar Uba?

Littafi Mai Tsarki ya koya mana abu biyu, ba mu da iko mu yar da ko ɗaya. Na fari, hanya ɗaya ce, Yesu kansa (Yahaya 14:6). Na biyu, kowa yana iya binta. Ku tuna da rijiya da rani. Ko gari yana da rijiya ɗaya tak, Bahaushe da Bafillace da Buzu duk daga cikinta suke sha. Kasancewarta ɗaya bai kori kowa ba. Abin da ke kora shi ne mutum ya tsaya a baki ya ce sai da gugansa.

Ku karanta Luka 23. Ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu bai sami baftisma ba, bai je haikali ba, ba wanda ya shiga ruwa dominsa. Ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu, aka yi masa alkawarin Firdausi ran nan. Muna yin baftisma domin Ubangiji ya umarta, amma jinin Yesu ne ke wanke zunubi. Ayar da suke kafa hujja da ita, 1 Korantiyawa 15:29, Bulus ya ambaci al'adar waɗansu ne yana tabbatar da tashin matattu, bai umarce mu mu yi ba.

To, kakanmu fa? Na ce wa yaron ba ni da iko in sa shi a sama, ba ni kuma da iko in jefa shi wuta. A Farawa 18 Ibrahim ya dogara ga adalcin Mai shari'ar duniya. Romawa 2 ta nuna Allah yana duban hasken da kowa ya samu, da shaidar lamirinsa. Allah ya san tsohon nan fiye da mu. Na bar shi a hannun da aka huda da ƙusa, hankalina kuwa ya kwanta.

Amma mu ma kada mu zama gugan da ya hana. In ka rena ɗan'uwa a sujada saboda kabilarsa, ko ka ce asalinsa bawa ne, ka tsaya bakin rijiya da sanda. In kana kukan kakanka da ya mutu bai ji ba, amma maƙwabcinka na gona bai taɓa jin bishara daga bakinka ba, balle ya gan ta cikin halinka, me za ka ce wa Ubangiji? Yi masa magana da ladabi, ka taimake shi ran gayya.

Kai kuma fa, mai karatu? Ibraniyawa 9:27 ta gargaɗe mu cewa bayan mutuwa sai shari'a. Kada ka jira jikanka ya tuba a madadinka. Ka yi addu'a yau: "Ya Yesu, ni mai zunubi ne. Ka mutu domina, ka tashi. Ka gafarta mini, ka karɓe ni. Amin."