Hefarin a bututun wuya: ina iyakar larura?

Idan aka gama wankin ƙoda, bayan kusan awa 4 jini yana zagaya cikin na'ura, akwai wani ɗan aiki da ma'aikaciyar jinya ke yi wanda 'yan rakiya ba su cika lura da shi ba. Takan sauya safar hannu, ta goge bakin bututun nan biyu da ke reto a ƙirjin majinyaci, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ta wanke cikinsu da ruwan gishiri. Daga nan ta ɗura wa kowanne wani ruwa da sirinji, kusan mililita 2, daidai awon da aka rubuta a jikin bututun, ta matse maƙalli, ta ɗaura murfi, ta naɗe da bandeji. Ruwan zai kwana a ciki har ranar wanki na gaba.

Da wannan ruwan ake kulle bututun, kuma ran mutum na iya rataya a kansa. Kateta ɗin, wato bututun, ta shiga ta babbar jijiyar wuya, bakinta yana can dab da zuciya. In aka bar ta haka, jini zai daskare ya toshe ta. Ƙwayoyin cuta kuma suna son jikin roba: sukan manne, su shimfiɗa wani yauƙi kamar gansakukar da ke kama cikin randa, su ɓuya a ƙarƙashinsa inda maganin ƙwayoyin cuta ba ya isa da kyau. Ranar da suka kwararo cikin jini sai majinyaci ya kama rawar sanyi ana tsaka da wanki. Bayan ciwon zuciya, irin wannan kamuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wankin ƙoda.

Ruwan da aka fi amfani da shi a duniya shi ne hefarin, kuma mafi yawan hefarin daga hanjin alade ake tace shi. Nan ne maganar ta tashi daga ɗakin jinya ta koma zauren malamai.

Wani zai ce ai a cikin roba yake, bai shiga jiki ba. Gaskiyar ita ce wani kaso yakan zurara cikin jini tun lokacin ɗurawa, kuma ko ba wannan ba, a yayin wankin kansa ana sa hefarin don kada jini ya daskare a na'ura. Saboda haka babu wata dabarar kauce wa tambayar.

Malaman fiƙihu sun daɗe da hujjoji a ɓangarori biyu. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaidu ya nemi izinin haɗa giya don magani, Annabi (SAW) ya hana shi. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yi wa Zubairu da Abdurrahman ɗan Aufu rangwamen sa alharini saboda ƙaiƙayi. Aya ta 173 a Suratul Baƙara, wadda ta haramta naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda larura ta matsa. A ƙarshen 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan wani sabon nau'in hefarin, ta halatta shi idan babu halastaccen madadi da zai yi aikinsa, tare da sharaɗin kada a wuce gwargwadon buƙata.

Sai dai kulle bututu yana da wani lauje cikin naɗi. Larurar da aka saba misali da ita ita ce ta wanda yunwa ke shirin kashewa yanzu-yanzu. Shi kuwa wanda ake ɗura wa ruwan nan, a wannan lokacin bututunsa lafiya lau, ba zazzaɓi, ba toshiya. Ana tare abin da bai zo ba ne. To shin cutar da ake tsoro tana da hukuncin cutar da ta sauka?

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce e, matuƙar tsoron ya ginu a kan sani. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga Sargu da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, alhali babu wanda ya kamu a tawagarsa. Bututun da ba a kulle ba zai toshe, wannan abu ne da likitoci suka gani sau ba adadi. Majinyacin da ya ƙi yarda a kulle masa don tsantseni ya jefa kansa cikin halaka, kuma duk wanda ya ba shi wannan shawarar yana da alhaki a wuyansa. Bai kamata a ƙara wa mutumin da ƙodarsa ta gaza nauyin zargin kai ba.

Amma sharaɗin rashin madadi ba majinyaci ne ke cika shi ko rushe shi ba. Akwai sitiret mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, wanda ba daga dabba yake ba, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana hana toshiya kusan kamar hefarin. (Mai kaurinsa sosai yana da haɗari, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2000 bayan wani majinyaci ya rasu.) Akwai torolidin, mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda a Turai ake haɗa shi da sitiret ba tare da hefarin ba, ko da yake an lura wannan haɗin ya fi saurin toshewa. A Nuwamban 2023 Amurka ta amince da wani ruwan kulle mai suna DefenCath, bayan gwaji a kan mutum kusan 800 ya nuna ya rage kamuwar jini da kashi 71 cikin 100 idan aka kwatanta da hefarin zalla. Shi ma dai akwai hefarin a cikinsa. Akwai kuma hefarin na shanu, da ake amfani da shi a Barazil da Ajantina.

Gwajin DefenCath ɗin ya fito da abin da ya kamata mai fatawa ya sani: hefarin shi kaɗai ba ya kashe ƙwayar cuta. Wato abin da ake jayayya a kan halaccinsa rabin aikin kawai yake yi. Dogaro da alade ma ba Musulmi kaɗai ya dama ba. A 2008 gurɓataccen hefarin da aka samo sinadarinsa daga Sin ya yi sanadin mutuwar mutane da dama a Amurka, kuma a wurin masu wankin ƙoda aka fara ganin alamun.

A Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, da Gashuwa a Yobe inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a, mutane da yawa ba sa isa asibiti sai jiki ya kumbura, numfashi ya yi sama. A irin wannan hali babu lokacin haɗa jijiyar hannu, wadda likitoci Cimino da Brescia suka ƙirƙiro a 1966, domin tana buƙatar makonni kafin ta nuna. Sai a sa bututu, sau da yawa a matsematsi, wurin da ya fi saurin kamuwa. Mai sayar da gona don biyan kuɗin wanki ba shi da bakin zaɓen ruwan da za a kulle masa.

Don haka nauyin yana kan masu sayo wa asibiti kaya, da gwamnatocin da ke tallafa wa wankin ƙoda, da likitan da ya ga ƙoda na raunana amma bai tura mutum a haɗa masa jijiya da wuri ba. Haɗa jijiyar ba zai raba majinyaci da hefarin na cikin na'ura ba, amma zai raba shi da bututun da kullensa da mafi yawan haɗarin kamuwa. Kuma majinyaci yana da haƙƙin a gaya masa daga ina maganin ya fito, cikin Hausar da zai fahimta, tare da hukuncin da malamai suka yanke da madadin da asibitin ke da shi, kafin ya tsinci labarin a bakin wani a kan bencin jira.