Kafin Mu Kira Mutum Gwarzon Dimokuraɗiyya

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Da zarar an fara kaɗa gangar siyasa, sai ka ga wata ƙungiya ta kama zaure a otal, an jera kujeru, an ɗauko maroƙi da mai hoto. A kira wani mai riƙe da muƙami, a miƙa masa allon gilashi da aka rubuta "Gwarzon Dimokuraɗiyya" a jiki. Na taɓa zama a irin wannan taro. Wanda aka karrama bai cika shekara biyu a kan kujera ba, ma'aikatansa na bin bashin albashi, kuma kowa a zauren ya san shi ya biya kuɗin wurin, har da na lemon da aka raba. Muka tafa masa. Har yau tafin nan yana damuna.

Yaba kyauta tukuici ne, babu mai musun wannan. Al'ummar da ba ta girmama masu yi mata hidima, za ta wayi gari babu mai yi. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda muka arahantar da sunan da wasu suka biya da rayukansu.

A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni, ya kuma ba marigayi MKO Abiola lambar GCFR, mafi girma a ƙasar nan. Abiola ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993, har a jihar Kano ya kayar da ɗan gari, Alhaji Bashir Tofa, amma gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. Ya ƙi janyewa, aka tsare shi a 1994, ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998. Matarsa Kudirat, haifaffiyar Zariya, harbe ta aka yi a kan titi a Legas a 1996. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa kuwa a kurkukun Abakaliki ya cika a 1997. Wannan ne nauyin da ke bayan kalmar da muke rubutawa a gilashi.

Mu dawo gida. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950 wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, sun sha bulala da ɗauri a hannun 'yan doka saboda sun ce talaka ma yana da baki. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, abin da bai samu ba sai a 1976. Duk macen da ta bi layi da katin zaɓe a hannu, goye da ɗanta, tana cin gumin Gambo ne ko ta sani ko ba ta sani ba. Da PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta wancan lokacin, ta karɓi Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Mun sa sunan Malam a filin jirgi da asibitin koyarwa, mun sa na Gambo a asibiti a Zariya, madalla. Amma mutum nawa ne cikinmu suka taɓa kai 'ya'yansu gidan Mambayya a Gwammaja, su ga irin ɗakin da Malam ya zauna? Muna yi masa kirari da baki, ranar zaɓe kuma mu miƙa ƙuri'a a kan taliya da sabulu.

Ba dole sai an mutu ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsaya ranar da aka rantsar da shi a 2007 ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. Goodluck Jonathan ya ɗauki waya a 2015 ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Kowannensu ya bar abin da yake da ikon riƙewa. A ƙauyukanmu ma akwai irinsu: malamin zaɓen da aka tura wa ambulan ya mayar, da ɗan bautar ƙasar da ya rungume takardar sakamako 'yan daba na zagaye da shi. Su babu mai kiran su otal.

Don haka ina roƙon iyayenmu sarakuna masu naɗa sarauta, da jami'o'i masu raba digirin girmamawa, da ƙungiyoyin matasa da 'yan jarida: ku dakata wa mutum har ya sauka daga kujera, ku tambayi waɗanda ya mulka, kada kuma ku karɓi ko sisinsa. Ku kuma 'yan uwana, in aka gayyace ku taron da mai lambar ne ya biya kuɗin zauren, don Allah ku zauna a gida.