Ɗana, Kada Ka Ji Kunyar Alli

Ɗana, idan kana cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta bai wa gurbi a Tsangayar Ilimi, alhali aikin lauya ko likita ka nema, to, saki ranka ka saurare ni. Na ga da yawa irinka sun dawo gida fuska a murtuke, suna cewa an jefa su.

Babban gida ka shiga. An kafa jami'ar nan a 1962, a 1965 kuma aka buɗe mata Cibiyar Ilimi don ta riƙa kula da kwalejojin horon malamai na Arewa. Shi kansa Sardauna da jami'ar take ɗauke da sunansa, malanta ya koya a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga aji ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa, ya kuma kafa ƙungiyar malaman Arewa.

Ba zan ɓoye maka ba, albashin malami bai taka kara ya karya ba. Amma ka tuna 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. Wannan labari ya hana ni barci, domin kowane ɗayansu akwai yaran talakawa zaune a gabansa, iyayensu sun ba shi amana.

Saboda haka ranar da aka tura ka koyarwar gwaji, kada ka shiga sahun masu leƙa makaranta sai sun ji malamin duba yana hanya. Shirya darasinka tun da dare, da hannunka, kada ka kwafi na aboki. Riƙe sunayen yaranka, har da mai zama can baya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba. In ka yi bayani da Turanci ka ga ido ya raina fata, sake shi da Hausa har su gane. Ka kuma riƙa zama kusa da tsofaffin malaman makarantar, ka ga yadda suke kwantar da aji ba tare da bulala ba.

Ke ma 'yata, da ke nake. Akwai ƙauyukan da uba ba zai saki 'yarsa ta je makaranta ba sai ya ji akwai malama a ciki.

Ku je ku yi rajista, ku riƙe karatun nan hannu bibbiyu. Allah ya yi muku albarka.