Daga Gonar Rake Zuwa Bakin Tafkin Chadi

Ƙannena da 'ya'yana 'yan Ikara, Maƙarfi da Kudan da ke sanye da kaki a Monguno, Damasak, Malam Fatori da Baga, sannunku da aiki. Sannunku da rana, sannunku da ƙura, sannunku da kwanan rami. Wanda ya tashi a ƙasar da rake ke fin mutum tsayi, sai ga shi ya wayi gari a fili fetal, ba inuwar kirki sai ta ƙaya, ba sai an gaya masa ya yi nisa da gida ba. Ku sojojin ƙasa, da ku sojojin ruwa da aiki ya kai sansanin Baga, duk da ku nake.

Wannan hanya ba ku ne farkon binta ba. Tun 1924 Depot ta Zariya ke karɓar kurata, ga ta nan kusa da mu, ɗan Hunkuyi zai je ya dawo kafin azahar. Kakanninku sun yi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sunan barikin Chindit ma daga can ya samo asali. Yayyenku sun sha ranar Darfur, inda aka yi rashin sojojin Najeriya a harin Haskanita na 2007, wasu kuma sun je Mali a 2013. Yau ga ku a rundunar Haɗin Kai. Ku ɗaga kai, gado kuke riƙe da shi.

Idan kun zo gida, labarin artabu ake tambayar ku a majalisa. Ni kuwa aikin da nake jinjina muku a kansa shi ne wanda ba a tambaya: zaman nan na safe, an shimfiɗa tsumma, an kwance bindiga gaɓa-gaɓa ana goge ta. Sojan da ya yi wannan kullum, babu saje a kansa, shi ne gwarzo a wurina.

Kun fi ni sanin halin rairayi. Yana shiga shayi, yana shiga tuwo, yana shiga tsakanin haƙora, balle cikin bindiga. Ana yabon AK-47 da juriya, amma juriya ma tana da iyaka. Idan aka labta mata mai a lokacin hunturu, man ya kama ƙura ya zama taɓo, ranar da ake neman ta sai ta cije. Mai kaɗan, gogewa da yawa. A zazzage harsasan magazin a share su, domin yashi na danne sifirin. Kuma don Allah kada tsoron ƙura ya sa a cusa tsumma a bakin bindiga a manta da shi, harbi ɗaya na iya fasa bututun a gaban fuskar mai ita.

Sai babbar magana, wato sauke bindiga bayan an dawo daga sintiri. Mutum ya yini a bayan mota, ƙafa ta kumbura a cikin but, maƙogwaro ya bushe, ba abin da yake so sai ya zube. A daidai wannan lokaci ake kuskure. A juya bakinta inda babu kowa. A fara cire magazin. Sannan a ja, a leƙa ɗakin harsashi da ido, a tabbatar babu komai. Wanda ya juya tsarin, ya ja kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ya ɗora wani ne, zai kuma shiga tanti da ɗanannar bindiga yana ganin fanko ce. Bayan an yi ɓarin wuta mai yawa kuwa, bututun da ya yi zafi na iya tayar da harsashin da ke ciki ba tare da yatsa ya taɓa kunama ba. “Wallahi na ɗauka babu harsashi” magana ce da ba ta taɓa tayar da mamaci ba. Kada Allah ya sa ɗayanku ya furta ta a kan abokin da suke ci a kwano ɗaya.

Ku 'yan ƙasar mazarƙwaila kun san injin matse rake. Baƙon yaro bai cika rasa yatsa a wurin ba, don yana tsoronsa. Wanda ya yi shekara da shekaru yana tura rake, yana hira yana waige, shi ne injin ke kamawa. To, kofur, kai da ka daɗe a daji har bindiga ta zame maka kamar gaɓar jikinka, kai ne ya kamata ka fi kowa taka-tsantsan, kuma kai sababbin yara ke kwaikwayo. Idan suka ga yatsanka a miƙe nesa da kunama, haka nasu zai kasance. Idan suka ga kana nuna mutum da ita cikin raha, gobe za su yi.

Ku kuma masu gadin rumbun makamai, aikinku ba ƙarami ba ne ko da ba a ganin ku a fagen daga. A ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun barikin Ikeja ya yi bindiga, mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu a ruwan magudanar Oke-Afa suka nutse suna gudun tsira. A 2025 ma makamai sun tashi a barikin Giwa da ke Maiduguri, rundunar soja ta ce tsananin zafi ne sanadi. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, wanda ya ɗaga akwatin harsashi daga ƙasa, ya yi masa rumfa, ya raba shi da jarkar fetur, ya hana kunna taba a kusa, ya ceci rayukan da shi kansa bai san adadinsu ba. Manyan hafsoshi, haƙƙin yaran nan na wuyanku: ruwan sha, kayan goge makami, alawus a kan lokaci, da canjin aiki idan wa'adi ya cika. Gajiyayyen soja hannunsa na rawa.

Ku kula da jikinku yadda kuke kula da makami. Ku sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ku. Wanda ya miƙo muku ƙwaya da sunan maganin barci ko ƙarin kuzari ba masoyinku ba ne, domin Tramadol da kunama ba sa zama wuri ɗaya lafiya. A bakin gadi waya ta zauna a aljihu, haskenta na nuna wa maƙiyi inda kuke, hoton sansani a Facebook kuwa taswira ce kuka ba shi kyauta. Idan zuciya ta yi nauyi, barci ya ƙaurace, ku gaya wa abokin rami, ko limamin bataliya, ko fasto, ko likita. Ba ragwanta ba ce, namiji ma yana neman mai taya shi ɗaukar kaya.

Mu na gida, namu ya rage. Matar soja a Paki ko Gimi ko Likoro da ke riƙe da yara ita kaɗai, a leƙa ta. A taya tsohonsa noman gonar da ɗansa ya bari. Idan ya bugo waya, a ba shi labarin da zai ƙarfafa masa zuciya, rigimar gado ta jira ya dawo.

In Allah ya kawo ku hutu, kada ku bar ilimin nan a bariki. Ƙauyukanmu cike suke da mafarauta da 'yan sintiri masu riƙe da bindigar toka, zuciya akwai, horo ne babu. Ku zauna da su a ƙofar gidan mai unguwa. Ku nuna musu yadda ake hawa babur bakin bindiga na kallon inda babu mutum, da dalilin da ya sa ba a rataye ɗanannar bindiga inda hannun yaro zai kai, ba a kuma ajiye albarushi kusa da murhu. Ku gaya wa masu harbi sama a wurin biki cewa harsashin da ya hau sai ya sauko, kuma a kan wani zai iya saukowa. Daga bakinku za su ji, don sun san inda kuka fito.