Gadar Da Ke Tashi Don Jirgi Ɗaya

'Yar'uwa, a birnin Landan akwai wata gada a kan kogin Tems da ake kira Tower Bridge, an buɗe ta a 1894. Tsakiyarta rabe take gida biyu. In dogon jirgin ruwa ya taso sai a tare motoci da masu tafiya a ƙasa, ɓangarorin biyu su ɗaga sama, jirgi ya wuce, sannan a sauke. Mai jirgi ba ya biyan ko kwabo, iyaka ya sanar awa 24 kafin zuwansa.

To ni tambayata, wannan adalci ne? Mutum wajen 40,000 ke bin gadar nan kullum. Cikinsu akwai mai sauri zuwa aiki, akwai mai yaro ba lafiya. Duk a tsaya saboda jirgi ɗaya, wanda galibi yanzu 'yan yawon shan iska ne a ciki!

Na juya maganar, ni dai ina bayan jirgi. Kogi ya riga gada. Da za a gina ta, masu jirage sun ji tsoron za a toshe musu hanyar abinci, sai majalisar ƙasar ta yi doka a 1885 cewa dole a riƙa buɗe musu. A shekarar farko an ɗaga ta fiye da sau 6,000. Yau jiragen kaya sun koma can ƙasan kogi, abin bai wuce kamar sau 800 a shekara ba. Ƙarfin jirgi ya ragu, amma ai ba da ƙarfinsa aka yi alkawari ba, da shi aka yi.

Mu mata mun san wannan. Sau nawa aka lallashi uwargida da alkawura ranar da za a kawo amarya, shekara biyu maigida ya ce ai zamani ya canza? Sai dai ke ma uwargida ki lura, jirgin nan sai ya faɗi lokacinsa, kuma ba ya tsayawa a tsakiya don ya ƙuntata wa na sama.

A 1997 ayarin motocin shugaban Amurka Bill Clinton ya iso gadar daidai lokacin da aka ba wani tsohon jirgi mai suna Gladys. Aka ɗaga gada, ayari ya rabu biyu, masu tsaronsa hankali a tashe. Shugaba ya jira wajen minti 20.